Dutsen Kawu Bai Motsa Ba

Kawu ya cika da ƙarfe goma da minti ashirin na safiyar Talata, a ɗakin da ke kusa da zaure, gidan ɗiyarsa a Gusau. Mu uku ne a kansa: matarsa, wadda dukanmu muke kira Inna, ɗiyar tasa, malamar firamare, wadda take taubashiyata, sai ni, ɗan ƙanwarsa. Na duba agogo ne domin haka na saba, ba domin wani ya sa ni ba. Inna ce ta shafe masa idanu. Taubashiyata ta fita ta sanar da maƙwabta, ni kuma na zauna da waya na fara kiran dangi bisa tsari: Kekun Waje tukuna, domin can ne gida, sannan Bungudu, sannan Bilbis. An yi masa sutura bayan azahar. Allah ya gafarta masa, ya haskaka makwancinsa.

Kwana uku muka zauna karɓar gaisuwa a ƙofar gida. Mutanen Kekun Waje sun zo cike da mota biyu, kowa da abin da ya tuna. Wani ya ce shekarar da sansa ya karye, Kawu ya aiko masa da shanun huɗarsa kafin ya huɗe tasa gonar. Wata tsohuwa ta shiga wurin Inna tana cewa ba ta taɓa jin muryarsa ta ƙetare katanga ba. 'Yan dara kuwa can ƙarshen tabarma suka haɗu, na kuma lura wasunsu suna tona ƙananan ramuka a ƙasa da yatsa ba su ma san suna yi ba. Wanda ya zo daga ƙarshe shi ne Baba na Bilbis, taubashin Kawu, abokin dararsa tun suna samari. Ya yi addu'a, ya shafa, ya daɗe yana kallon ƙofar ɗakin. Sannan ya ce, "Wanga tsoho ya yi mini wayo. Mun yi da shi ni zan riga shi, don ya ɗanɗana zama ba abokin zagi." Mutane suka yi 'yar dariya, shi kuma ya sa hannun riga ya goge fuska.

Da a nan abin ya tsaya, da ban ɗauki biro ba, domin ni ba marubuci ba ne. Karatuna firamare ne, aikina kuma har na yi ritaya shi ne karɓar takardu a wani ofishin gwamnati, in buga musu hatimi, in shigar, in ajiye. Amma kwana biyar bayan rasuwar na bi ta gefen tasha, inda 'yan dara ke zama ƙarƙashin wata rumfa. Aka kira salla. Suna miƙewa, sai wani mai jar hula, wanda na tabbata bai taɓa ganin Kawu ba, ya ce, "Kowa ya tashi tare, kada a yi mana la'asar ɗin Mai Dutse." Aka fashe da dariya.

Mai Dutse shi ne Kawu. Abin da suke nufi da la'asar ɗinsa shi ne mutum ya gusa ɗan dara a ɓoye lokacin da abokin wasansa ya tafi masallaci. Kawu bai taɓa yin haka ba. Ni na jawo masa wannan suna, da hannuna da littafina. Shi yana ƙarƙashin ƙasa, maganar tana yawo a bakin waɗanda ba su san shi ba. Saboda haka zan faɗi yadda abin ya faru daki-daki.

Da farko, ga yadda yake da dara. A ƙofar gidansa a Kekun Waje akwai ceɗiya, a gindinta ake haƙa gurbi talatin, layi biyar, kowane layi shida. Mutum biyu ke wasa, kowa da 'ya'ya goma sha biyu, ɗaya kara ɗaya dutse. A zuba su ɗaya bayan ɗaya, sannan a fara gusawa, wanda ya jera uku ya ɗauke ɗan abokinsa. Kawu bai taɓa yarda ya riƙe kara ba. Yana da duwatsunsa goma sha biyu da ya tsinto a bakin gulbi wajen Bungudu, cikin wata 'yar jakar fata, shi ya sa ake ce masa Mai Dutse. Ba ya dara da damina. In aka neme shi lokacin noma sai ya ce, "Gero bai san dara ba." Sai an ɗaure dammuna an zuba a rumbu yake fito da jakar. Ba ya sa ko goro a kan wasa, sai dai ya fasa goron ya miƙa wa abokin karawarsa rabi kafin a zuba. In mai koyo ya taɓa ɗa ya ga ya yi kuskure, yakan bar shi ya mayar har sau biyu. Shi kansa kuwa in ya taɓa, ya taɓa ke nan. Kuma ko hannunsa na sama da dutse, in ladan ya ɗaga murya, ajiyewa yake ya tashi.

Ni ina zuwa gida duk Asabar daga Gusau. Abin da ke ba ni haushi shi ne a yi wasa mai kyau na awa guda, a gama, a share, sannan a shiga gardamar wa ya yi me, kowa da tasa. Raina ba ya son abin da ba a ajiye ba. Sai na sayi littafi irin na 'yan makaranta, na ba gurabun nan lamba daga ɗaya zuwa talatin. 'Yan wasa suna zama ɗaya kudu ɗaya arewa, ni ina gefe. Nakan fara ƙirga daga kusurwar da ke kusa da hannun damana. In Kawu ya gusa dutse sai in rubuta, misali, daga takwas zuwa tara.

Ranar farko ya dube ni ya dubi littafin.

"Mi kake rubutawa, Magatakarda?"

Na ce, "Wasanku, Kawu, don kada ya ɓace."

"Ƙasa ce fa. A share, a sake haƙawa. Ina za ta ɓace ta tafi?"

Baba na Bilbis, wanda kan zo da rani ya yi mako guda, ya ce, "Bar shi ya rubuta. Jikokinka su ga yawan kashin da ka sha a hannuna."

"Kai da ka koyi dara a bayan jaki?" in ji Kawu. "Rubuta, ɗana. Ka sa da manyan baƙaƙe."

Daga nan na zama mai rubutun gindin ceɗiya. Ina sa rana, ina sa waɗanda suka kara, ina sa lokacin da aka tashi salla da lokacin da aka dawo. Littafi ya cika in sa masa lamba in ajiye a akwati. Sai dai akwai abu guda da ya kamata in faɗa domin shi ne tushen ɓarnar: ban taɓa buɗe littafi ko ɗaya na maimaita wasan da ke ciki ba. Yadda nake yi da takardun ofis haka na yi da su. Na shigar, na ajiye, na ɗauka aiki ya kammala.

Ranar da abin ya faru Asabar ce, cikin bazara, a littafi na bakwai. Kawu da Baba na Bilbis sun fara bayan azahar, mutane sun kewaye su. Ni ina zaune ta gabas. Wasa ya yi zafi, Kawu ya gusa dutse, na rubuta takwas zuwa tara, sai aka kira la'asar. Muka tashi gaba ɗaya. Da aka sallame, Kawu ya riga kowa fita domin ya ba ragonsa ruwa, kamar yadda ya saba. Lokacin da muka iso yana zaune a wurinsa. Rana ta riga ta sauko ƙarƙashin rassa, mai zama gabas tana dukan idonsa, saboda haka na zagaya na zauna ta yamma. Kullum haka nake yi, ban taɓa ɗaukarsa wani abu ba.

Baba na Bilbis ya tsuguna, ya ƙura wa gurabu ido, ya nuna wani dutse.

"Wanga dutse ba nan munka bar shi ba."

Kawu ya yi dariya, ya ɗauka wasan taubasantaka ne. "Tsoro ya kama ka ke nan."

"Ba wasa nake ba. Ba nan yake ba. Wa ya riga kowa dawowa?"

Wani dattijo ya ce ai abin bai kai ga rantsuwa ba, ga mai littafi. Duk aka juyo wurina. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi a lokacin, domin ranar ce littafina ya zama alƙali. Na karanta tafiyar ƙarshe da ƙarfi: takwas zuwa tara. Na ƙirga daga kusurwar hannun damana, ɗaya, biyu, har tara. Gurbi na tara babu komai. Na ƙirga inda dutsen da ake magana yake, na samu ashirin da biyu.

Na ce, "Kawu, littafi ya ce dutsenka na tara. Tara kuma babu kowa."

Ya dube ni. "Ka tabbata, ɗana?"

"Na tabbata."

Ya ce, "To."

Baba na Bilbis ya miƙe ya sa ƙafa ya share gurabun, ya ce shekara hamsin yana zagin mutumin nan da wasa, bai san akwai abin zagi na gaskiya ba. Ya shiga gida ya ɗauki jakarsa, ko tuwon da Inna ta ɗora bai tsaya ci ba. Ni kuma, saboda hali, na rubuta a gefen shafi: an sami dutse a ashirin da biyu, wasa ya watse.

Kawu ya tsince duwatsunsa ɗaya-ɗaya daga cikin ƙasa. Da zan koma Gusau ya rako ni har bakin hanya, ya ɗaura mini ƙunshin gyaɗa a bayan babur kamar kowace Asabar. Na kasa kallon fuskarsa, domin a raina na yarda ya yi. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Kada ka bar rubutun saboda wanga abu. Abin da ka gani ka faɗa."

Shekara shida Baba na Bilbis bai taka Kekun Waje ba. In an haɗu wurin suna ko jana'iza, su gaisa kamar baƙi, babu zagi babu tsokana, wanda ga taubasai ya fi faɗa muni. Labarin ya bi 'yan kasuwa zuwa Tsafe, ya bi direbobi zuwa Gusau. Kawu bai daina dara ba, amma ya sauya abu biyu. Ya daina riga kowa fita daga masallaci, ragonsa ya koyi jira. Kuma in zai zauna sai ya tattare bakin rigarsa ya cusa ƙarƙashin cinya. Na ga yana yin haka, ban tambayi dalili ba.

Da ƙafafunsa suka gaza, hanyar ƙauye kuma ta zama ba kullum ake binta da kwanciyar hankali ba, taubashiyata ta ɗauko shi da Inna zuwa Gusau. Zaman ɗaki ya dame shi. Wata rana ta ce mini ta samu wata manhaja ta dara a wayarta, mai gurbi talatin, ana taɓa gurbi ɗa ya koma, kuma tana ajiye wasa a sake kallonsa daga farko. Ta ce, "Kwaso tarkacen littattafan nan naka kafin gara ta riga mu. Mu zuba wa babana wasanninsa ya riƙa kallo."

Muka zauna da hantsi a gaban gadonsa, ni ina karantawa, ita tana taɓawa, shi yana kallo. Wasa na farko ya tafi daidai har ƙarshe. Kawu ya yi murmushi, ya ce ya tuna mutumin, mai wani haƙorin azurfa. Na biyu ma haka. A na uku, muna tsakiya, wayar ta ƙi. Na ce sha huɗu zuwa sha biyar, ta ce babu dutse a sha huɗu.

"Sake dubawa," na ce.

"Na duba. Ko duwatsun Baba fiffike gare su?"

"Wayarki ce ba ta da hankali."

"Wayata lafiyarta lau. Magatakardan ne dai aka ba hatimi ba a gwada idonsa ba."

Muka bar wannan muka ɗauki wani, shi ma ya tsaya a tsakiya. Muka yi guda biyar haka. Ita ce ta lura, da yake malama ce mai duba aikin yara, cewa duk inda wasa ya lalace, layin da ke samansa na rubuta an dawo daga la'asar. Wasan da aka gama kafin salla lafiya lau yake, wanda aka fara bayan salla ma haka. Wanda salla ta raba biyu ne kawai ke karyewa.

Kawu yana kwance yana jinmu. Bai taɓa tambayata yadda nake ƙirga ba, domin bai yi boko ba, kuma yana ganin abin da aka rubuta ya fi ƙarfin tambayarsa. Ranar nan ya ce, "Wai ɗayan nan taka, daga ina take farawa?"

Na ce, "Daga hannun damana."

"In kana gabas."

"Ko ina nake."

Ya yunƙura ya tashi zaune. "Kai da rana ke kora yamma kullum bayan la'asar? To in ka koma yamma, damarka tana ina?"



"Wa ya taɓa auna gona da dama da hagu?" in ji shi. "In na ce maka iyakata tana dama, ka juya, ai ka ba maƙwabcina gonata. Gabas ake cewa, ɗana. Gabas ba ta tashi don rana ta dame ta."

Taubashiyata ta juya wayar, kai ya koma ƙasa, ta ce in ci gaba da karantawa daga inda muka tsaya. Wasan ya tafi sumul har ƙarshe. Gurbin da nake kira ɗaya kafin salla shi ne nake kira talatin bayan salla. Biyu ya zama ashirin da tara. Na jawo littafi na bakwai na buɗe shafin, na ƙirga a kan wayar daga wannan kusurwa, na sake ƙirgawa daga waccan. Tara daga gabas, ashirin da biyu daga yamma. Gurbi ɗaya ne. Dutsen yana nan inda Kawu ya ajiye shi kafin ya tafi salla. Ni ne na tashi daga wurina.

Na sauka daga kujera na durƙusa a gaban gadon. Ban san me na ce ba, na dai san na nemi gafara fiye da sau ɗaya. Inna ta leƙo daga ƙofa da muciya a hannu tana tambayar wa ya mutu.

Kawu ya ce, "Ashe ba rigata ba ce."

Ɗiyarsa ta ce, "Wace riga, Baba?"

"Na san hannuna bai taɓa shi ba. Amma takarda ta ce ya gusa, yaron nan kuma ba ya ƙarya. Sai na ce to, bakin rigata ne ya ja shi da zan zauna. Shekara shida ina neman gafarar Allah a kan riga."

Taubashiyata ta fara kuka. Shi kuwa sai ya ce a miƙo masa wayar ya ga yadda wasan ya tsaya. Ya duba, ya duba, fuskarsa ta washe. "Kai! Ashe ni zan ci wasan nan. Tashi daga ƙasa, Magatakarda, ka je ka kira mini ɗan bayan jakin nan."

Ban kira ta waya ba. Abin da na ɓata a gaban mutane ban ga ya dace in gyara shi a kunne ɗaya ba. Washegari na shiga mota zuwa Tsafe, daga nan na hau babur zuwa Bilbis. Na sami Baba a majalisarsa da mutum kamar takwas. Bayan gaisuwa na roƙi izini, na haƙa gurbi talatin a gabansu, na ajiye tsakuwa ɗaya. Na zauna gabas na ƙirga da ƙarfi, tara. Na zagaya yamma na ƙirga, ashirin da biyu. Na ce, "Baba, abin da ya faru ke nan. Kawu bai taɓa dutse ba. Shaidar da na bayar ta ƙarya ce, ko da yake ban san ƙarya ba ce."

Ya sa na sake yi sau biyu. Sannan ya cire hula ya ajiye a gwiwa.

"Kai ne ka raba ni da ɗan'uwana da ƙirgar banza?"

Na ce ni ne.

"Da kana ƙarami da na sa an zane ka. Amma ni na fara cewa ba nan yake ba. Idona ya ga zai ci ni, zuciyata ta ce ba nan yake ba. Kuma ni na sa ƙafa na share. Da na bari an duba sauran duwatsun, da an gane tun ranar." Ya juya wurin mutanensa ya ce, "Kun ji da kunnenku. Duk wanda na gaya wa waccan magana, ga ta na janye."

Ranar Juma'a ya iso Gusau da kara goma sha biyu a aljihu. Ya tsaya a bakin ƙofar ɗaki ya ce, "Ina gurgun?"

Kawu ya amsa daga ciki, "Shigo, makaho. An ce idonka ke gusa duwatsu."

Abin da suka yi na neman gafara ke nan, ban ji wani ba. Aka zuba yashi a tsakar gida, aka ɗauko Kawu aka zaunar. Na karanta littafi na bakwai tun daga zubin farko, suna ajiyewa, har muka kai takwas zuwa tara. Wasan da aka share shekara shida ya dawo yadda yake, ko ɗa ɗaya bai ɓace ba. Kawu ya dube ni ya ce, "To, yau na ga amfanin abin nan naka." Ya fasa goro ya miƙa rabi, suka ci gaba.

Kawu ya sha kashi. Abin da ya hango a waya bai duba shi da kyau ba, Baba ya toshe masa hanya a tafiya ta uku, ya bi duwatsunsa yana ɗauka. Da aka gama Baba ya riƙe kai ya ce, "Wayyo ni! Shekara shida ina fushi a kan wasan da ni ke da ci." Kawu ya yi dariya har tari ya kama shi, Inna ta fito tana faɗa wai za su kashe mata miji.

Daga ranar Kawu ya kafa mini doka, ni kuma na bi ta. Kowane shafi, kafin in rubuta komai, in ja kibiya in sa gabas. Ɗaya tana farawa daga kusurwar gabas ta arewa, ko ina na zauna. Da wannan suka riƙa wasa daga nesa, shi a Gusau, Baba a Bilbis, kowa da gurabunsa a gabansa, suna aika wa juna tafiya ta saƙon murya. Rabin kowane saƙo zagi ne, lambar gurbi tana can ƙarshe. Wasa ɗaya yakan ɗauke su kwana uku. Haka suka yi rani biyu, kuma a cikinsu ban ƙara ganin Kawu ya cusa bakin riga ƙarƙashin cinya ba.

Ni da taubashiyata mun bi littattafan duka mun gyara, mun zuba a waya, ta kuma tura wa wasu 'yan dara na Bungudu da suka nema. Suna kallon zubinsa suna koyo. A cikin aikin ne muka ga wani abu da ban gani ba lokacin da nake rubuta shi. Akwai wani maƙwabcinsa da aka kore wa shanu, ya koma ba ya magana da kowa. Rani guda Kawu yana jawo shi gindin ceɗiya kullum, kuma a littafi mutumin ne ke yawan ci. Da muka maimaita wasannin, sai ga wurare da dama inda Kawu ke da uku a buɗe, yaro ma zai gani, ya kauce ya gusa wani dutse can gefe. Na tambaye shi. Ya ce, "Idona ne ba ya gani sosai a shekarar." Ya juya fuska bango, alamar maganar ta ƙare.

Na taɓa ce masa zan bi majalisun dara ɗaya bayan ɗaya in wanke sunansa. Ya ce in bar shi, wanda ya dame shi ya riga ya sani, sauran kuma da bakinsu za su gaji. Na bi maganarsa yana da rai. Yanzu na ga ba su gaji ba, maganar ma ta rabu da mai ita ta zama abin dariyar tashi salla. Baba na Bilbis ya gyara a garinsu, mutanen Kekun Waje sun sani, amma ƙafata ba za ta kai duk inda baki ya kai ba. Takarda ce ta ɓata, ina fata takarda ta gyara.

Saboda haka ga roƙona gare ka, mai karatu. In kana zaune a wurin dara, a Gusau ko Tsafe ko Bungudu ko wani gari, ka ji an ce la'asar ɗin Mai Dutse, kada ka yi dariya. Ka tsayar da mai maganar cikin mutunci, ka gaya masa dutsen bai motsa ba, mai rubutu ne ya sauya wurin zama. In ya yi musu, gurabu suna gabanku: ka ajiye tsakuwa ɗaya, ka sa shi ya ƙirga daga gabas, ya zagaya ya ƙirga daga yamma. In ya gani da idonsa, ku ɗaga hannu tare ku roƙa wa Kawu rahama kafin ku tashi.